Uwargida, Rijiyar Addu'a Ba Ta Da Maciji

Yau filin namu Daura ya nufa, maganar da na ɗauko kuwa ta 'yan'uwanmu mata Kirista ce da ke zaune a wannan tsohuwar masarauta, watau yadda suke magana da Allah cikin addu'a, da yadda suke magana da junansu da maƙwabtansu. Ke da ba Kirista ba, kada ki juya shafi. Kasuwa ɗaya muke ci, ruwa ɗaya muke sha, kuma zan yi mamaki in kin kai ƙarshe ba ki tsinci abin da ya shafe ki ba.

Ko 'yar firamare ta san labarin Kusugu. An ce a zamanin sarauniya Daurama akwai maciji a cikin rijiyar, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Da Bayajidda ya sauka gidan tsohuwar nan Ayana ya roƙi ruwa, sai ta ce masa babu, sai ranar ta kewayo. Ya karɓi guga cikin dare ya tafi, ya sare kan macijin, gari ya waye kowa ya ɗiba son ransa. Har yau rijiyar tana nan cikin garin Daura, baƙi na zuwa kallo suna kurɓar ruwanta.

Masu ba da labarin sun fi tsayawa kan jarumtakar baƙon. Ni kuwa matan garin nake tunawa. Ki duba dai, uwargida, ruwan yini ɗaya shi za a yi tattali har kwana bakwai: na tuwo, na wankan jariri, na baƙon da ya sauka. Lalle sun sha wuya.

To, abin da ya sa na kawo wannan shi ne, da yawa daga cikinmu haka muka mai da addu'a. Ranar Lahadi a ci ado, a ɗauki Littafi Mai Tsarki a kakkaɓe masa ƙura, a tafi sujada, a yi waƙa har murya ta dushe. Daga an dawo sai a mai da littafin ƙarƙashin matashi, ba a sake ce wa Allah uffan sai wata Lahadin. Kwana shida ana fama da ƙishi, alhali kuwa wannan rijiya babu maciji a cikinta. Hausawa suka ce rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Su wa nake nufi?

Daura ƙasar Musulmi ce tun da daɗewa, ba mai musun wannan. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, watau Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, kuma Kirista a cikinsu kaɗan ne. Yawancinsu aiki ne ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, matan soja da na 'yan sanda da na kwastan da ke bakin iyakar Kongolam, 'yan kasuwa, da 'yan hidimar ƙasa. A cikinsu akwai Hausawa gaba da baya, 'yan wajen Malumfashi da Ƙafur, waɗanda in ba ranar Lahadi kika gan su ba, ba za ki bambanta su da matan gari ba.

Addinin ya daɗe a lardin Katsina fiye da yadda wasu ke zato. Wajen shekarar 1937 ne mishan ɗin SIM ya karɓi kula da asibitin kutare na Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, inda aka haɗa magani da koyar da karatu, har gwamnati ta karɓe shi a shekarun 1970. Daga wannan mishan ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Tun kafin nan, a 1932, an riga an buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya ya sa wa hannu ƙwarai. Sa'an nan a 2023 Paparoma Francis ya ba Katsina nata bishop na Katolika, Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, wanda kafin naɗinsa malamin ilmin sadarwa ne. Daura tana ƙarƙashin kulawarsa.

Saboda haka da Hausa iyayenmu suka koyi yi wa Allah magana. Kalmomin ma ba baƙi ba ne a kunnen kowa: Allah, Ubangiji, addu'a, sujada, tuba, gafara, azumi, albarka.

Amma fa zaman wadda take tsiraru a wuri yana da nasa nauyi. Matar malamin da aka tura wani ƙauye a Baure ko Sandamu, ta yiwu majami'a mafi kusa sai ta hau babur ta biya kuɗi. Wata kuma mijinta ɗan kasuwa ne, ga kasuwar Mai'adua Lahadi take ci, ya fita tun asuba ya bar ta da yara. Uwarta na nesa, fasto na nesa. Irin wannan mace in ta ce sai Lahadi za ta sha, ƙishi zai kashe ta. Kakanninta da suka zauna a irin wannan hali rediyo suka riƙe, suna kama shirye-shiryen Hausa na tashar ELWA ta Laberiya, da na Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos ana watsawa daga Adis Ababa, har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Yau wa'azi yana cikin waya, a tafin hannunki. Sai dai jin wa'azi daban, buɗe baki ki yi wa Allah magana da kanki daban.

Yadda ake zura guga

Wata za ta ce, ni ban iya addu'a ba, in na ji shugabar mata tana jero kalmomi sai in ji kunyar buɗe baki. To, ki buɗe littafin Sama'ila na fari, sura ta 1, ki karanta labarin Hannatu. Mace ce mai kishiya. Kishiyar, Feninna, tana da 'ya'ya, ita kuwa ko ɓari ba ta taɓa yi ba, kullum ana yi mata gori har ta kasa cin abinci. Mijinta na sonta, amma bai gane zafin abin ba. Da ta je ɗakin Ubangiji a Shilo, leɓunanta kawai ke motsi, ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci ta sha giya ne. Wannan addu'ar da babu wanda ya ji, ita Allah ya amsa, ta haifi annabi Sama'ila.

Abin lura a nan, Hannatu ba ta rama wa kishiyarta ba, ba ta kuma zaga gari da maganar ba. Inda za a iya yi mata magani ta kai kukanta, ta faɗe shi yadda yake. Kuma littafin ya nuna tun kafin ta sami ciki, daga tashinta a wurin, ta ci abinci, fuskarta ta sake. Ke ma haka za ki yi. In kuɗin cefane ne bai isa ba, ki ce kuɗin cefane. In fushin maigida kike ji, ki faɗa, ai Wanda kike gaya wa ya riga ya sani. Iyayenmu a zumunta sun koya mana mu fara da yabo da godiya, mu bi da tuba, sa'an nan roƙo, kuma a roƙon mu sa na wasu kafin namu. Tsari ne mai kyau, domin wadda ta fara da lissafa alherin da aka yi mata, kafin ta iso ga kukanta ya riga ya ragu.

Batun lokaci kuwa, kada ki ce sai kin sami sarari, don uwargida ba ta samunsa. A Daura kiran sallar asuba zai tashe ki ko kin so ko ba ki so. Maimakon ki ja mayafi, ki tashi ke ma, maƙwabciyarki tana kan tabarmar sallarta, ke kina durƙushe a bakin gadonki, kafin yara su farka. Minti goma ya isa a fara. Da dare kuma bayan tuwo a tara yara, a karanta 'yan ayoyi, a yi waƙa ɗaya, kowa ya faɗi abin da yake so a roƙa masa, har ƙaramin cikinsu. Tsakanin waɗannan biyu, bakin murhu wurin addu'a ne, layin famfo ma haka.

Sa'an nan ki tuna hira ba ta yiwuwa in mutum ɗaya ne ke ta zuba. Wasunmu mukan shiga gaban Allah kamar mai kai saƙo gidan da ake binta bashi, ta faɗa daga bakin zaure ta juya. A Bishara ta Luka, sura ta 10, Yesu ya sauka gidan 'yan'uwa biyu mata. Marta tana ta kai da kawowa wajen girki, Maryamu kuwa ta zauna tana sauraro, kuma ita ce aka yaba wa. Ba a ce girki laifi ba ne. Abin da aka nuna shi ne akwai sa'ar da ake ajiye muciya. In kin gama faɗin naki, ki yi shiru kaɗan, ki karanta aya ɗaya ki juya ta a zuciya. Sau da yawa a cikin wannan shirun ne za ki tuna wadda kika ɓata wa rai jiya.

Bakin da ke addu'a shi ke hira

Wannan ya kawo mu rabi na biyu na maganar. Duk ikkilisiyar da ake sujada da Hausa a arewa, ko ECWA ce ko Katolika ko Angilika, za ki sami Zumuntar Mata. Ba a ɓoye suke ba: zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ga tulun da ake bugawa da tafin hannu, ga caki, ga ganga. Sukan taru cikin mako su yi nazarin Littafi, su koyi waƙa, su yi addu'a, su tara ɗan abin da za a kai wa mai jego da gwauruwa da wadda ke kwance a asibiti. Ga baƙuwar da aure ko aiki ya kawo Daura, zumunta ce uwa, ita ce yaya. An ce zumunta a ƙafa take, su kuwa sun riƙe wannan da gaske.

Amma akwai wata cuta da ke shiga irin wannan taro, kuma ni ba labari aka ba ni ba. Ina amarya aka tura maigidana aiki Daura. Na shiga zumunta da zafina. Wata 'yar'uwa da muka shaƙu ta same ni a ɗaki, ta gaya mini mijinta ya daina ba da kuɗin cefane, ba ya kuma shigowa sai dare ya raba, ta ce in taya ta da addu'a. Da ranar taro ta zo, aka ce mai abin roƙo ta faɗa, sai na miƙe na kama sunanta, na zayyana kome da kome, na ce mu sa ta a addu'a. A raina aikin Allah nake yi. Aka sunkuyar da kai aka yi addu'a mai zafi.

Kafin mako ya kewayo maganar ta bi ta bakin matan ta shiga kunnen mazansu, ta isa wurin aikin mijin. Ya ce tun da ta tona masa asiri a bainar jama'a, ta tafi gidansu. Wata uku tana can, ga yara biyu an raba su da uwarsu, kafin dattawan ikkilisiya su shawo kansa. Ta dawo ɗakinta, amma ba ta sake taka zumunta ba, in mun haɗu a hanya sai ta kau da kai.

Na yi ta addu'a Allah ya huci zuciyarta, ina ji kamar addu'ar ba ta wuce rufin ɗaki. Wata tsohuwa Musulma da muke katanga ɗaya, Inna muke ce mata, ita ta lura na rame. Da na gaya mata, sai ta ce, “Amarya, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Allah kika ɓata wa ko ita? In ita ce, ɗauki mayafinki.” Na koma ɗaki na tarar abin da Inna ta faɗa yana nan a Matiyu sura ta 5, inda aka umarci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa na riƙe da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Na ɗauki mayafina na tafi. Na durƙusa a tsakar gidanta ban kawo wani dalili ba, na ce na yi laifi. Ba a ranar ta sake da ni ba, sai da aka ɗauki watanni. Amma a daren nan na yi barci.

Don haka, uwargida, ga abin da na saya da tsada, na ba ki kyauta. Wadda ta ce ki taya ta da addu'a, ke ta ce, ba taro ta ce ba. In kina ganin ya kamata 'yan'uwa su sani, ki nemi izninta tukuna. In ta yarda, ki faɗa ba suna, ba bayani, ki ce akwai wata 'yar'uwa mai nauyin zuciya. Allah ba ya bukatar a gaya masa lambar gida. Ke shugabar mata kuma, in kin ji mai kawo roƙo ta fara “wai” da “an ce”, ki tsai da ita cikin ladabi, don daga nan an bar addu'a an shiga gulma. Yanzu da zumunta ta koma har cikin WhatsApp abin ya fi haɗari, gama abin da aka faɗa a taro iska na iya kwashewa, wanda aka rubuta kuwa yana nan ana turawa. Magana zarar bunu ce. Wasiƙar Yakubu, sura ta 3, ta kwatanta harshe da maɓuɓɓuga, ta nuna ido ɗaya ba ya fid da ruwan daɗi da na ɗaci tare.

Amma kada a fahimce ni a karkace. In abin da aka gaya miki ya kai ga duka, ko ana cutar yaro, wannan ba na rufewa ba ne. Ki raka ta wurin fasto ko iyayenta ko hukuma. Rufin asiri daban, barin mutum ya hallaka daban.

Tsakaninki da maƙwabta

A Yohanna sura ta 4 akwai wata rijiyar kuma. Yesu ya gaji da tafiya ya zauna a bakinta da tsakar rana, wata Basamariya ta zo ɗiban ruwa. Mutanensa da nata ba sa ga maciji, ko ƙwarya ɗaya ba sa sha. Duk da haka shi ya fara yi mata magana, kuma da roƙo ya fara, ya ce ta ba shi ruwa ya sha. Ki lura da wannan, ke da kike zaune cikin waɗanda ba addininku ɗaya ba. Wadda ba ta taɓa aron gishiri a maƙwabta ba, ba za a zo aro wurinta ba.

Mutanen Daura masu son gaisuwa ne da girmama na gaba. Ki durƙusa ki gai da tsofaffi. In an haihu ki shiga barka, in an yi rasuwa ki yafa mayafi ki je ta'aziyya ki zauna. Da azumi kada ki tsaya cin abu a gaban mai ƙishi, in kin iya ma ki aika da ƙanƙara ko kunu da magariba. Ran Kirsimeti ki zuba shinkafa a kai musu, ki tabbata kuma naman yankan da za su iya ci ne. In kuna addu'ar dare a gida, ku sassauta murya, Allah ba kurma ba ne, jaririn maƙwabta kuwa yana barci. Gardamar addini a bakin famfo ba ta taɓa ƙara wa kowa imani ba. In an tambaye ki abin da kika gaskata, ki amsa da gaskiya da ladabi, ki tsaya nan. Abin da maƙwabciyarki za ta sani game da addininki, yawancinsa daga halinki za ta karanta shi. Ni dai kun ji, a bakin Inna na tsinci wa'azin da ya gyara ni.

Gare ku 'yan mata

Ke 'yar makaranta, na san addu'arki takan yi ƙarfi ne in jarrabawa ta matso. Ba laifi, amma wanda ba ya zuwa gidanku sai zai ari kuɗi, kin san yadda ake kallonsa. Ki saba tun yanzu. Ki sami ɗan littafin rubutu, ki riƙa sa abin da kika roƙa da kwanan wata, bayan wata shida ki buɗe ki duba. Za ki ga wanda aka ba ki, za ki ga wanda aka hana ki, har ki gode da aka hana. In makarantarku akwai ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ki shiga. In babu, ko ku biyu ne kun isa.

Sa'an nan ki riƙa magana da mahaifiyarki. Yarinyar da ke gaya wa waya abin da ba ta gaya wa uwarta ba, tana wasa a bakin rijiya da dare. Duk wanda ya ce miki shi mai addu'a ne, ki zo ke kaɗai ya yi miki, ko ki ɓoye wa iyayenki, ki guje shi ko da wane irin littafi ya riƙe. Ku kuma iyaye, in yarinya ta kawo magana kada a tare ta da tsawa, don in kin kore ta yau, gobe wani za ta kai wa. Ƙawarki Musulma kuwa, in lokacin sallarta ya yi ki riƙe mata jaka, kada ki yarda a yi wa addinin kowa ba'a a gabanki.

In kaɗaici ya dame ki, uwargida, ki tuna ba ke kaɗai ba ce. Kowace shekara, ranar Juma'ar farko ta watan Maris, mata Kirista a ƙasashe fiye da ɗari sukan yi Ranar Addu'a ta Duniya da tsari guda, kuma tsarin shekarar 2026 matan Nijeriya aka ba su rubuta. Amma wannan ma rana ɗaya ce a shekara. Gobe da asuba in kin ji ladan, ki tashi ki zura gugarki. In kuwa akwai wadda ke riƙe da ke a zuciya, mayafinki na nan a rataye.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da unguwanninmu, ya tsare mana harsunanmu. Sai mun sake saduwa a wannan fili.